Alhamis ɗin Noel Bushiya

A ƙaramin garin Mirrabool, in ka ce Noel Garrity sai an ɗan yi tunani. In ka ce Bushiya kuwa, kowa zai nuna maka gidansa, na ƙarshe kafin gada, mai rufin kwanon da ya yi tsatsa.

Wata Alhamis da hantsi ya samo sunan. Yana kwance rub da ciki a ɗakin baya na ƙaramin asibitin gwamnati, ba riga, an jera masa siraran allurai tun daga wuya har ƙugu, sai ƙofar wata tirelar tumaki ta ɓalle a kwanar gidan mai. Noel bai ga komai ba, ji kawai ya yi: kukan tumaki, ƙarar kofato a kan kwalta, da haushin karyarsa Tilly daga bayan a-kori-kurarsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da girmansa a askin tumaki ba ya jin wannan ya ci gaba da kwanciya. Kafin Irene Kwong, mai tsira masa alluran don maganin ciwon baya, ta dawo daga wanke hannu, gado ya zama wayam.

Sai ga shi a tsakiyar babban titi, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya a baki yana yi wa Tilly fito, allurai na rawa a gadon bayansa suna ƙyalli cikin rana. Irene na biye da ɗan faranti tana ihu, "Noel! Tsaya! Kada ka jingina da komai!" Ina! Sai da suka tura tunkiya ta ƙarshe cikin filin ƙwallo, ya ja ƙyaure, sannan ya tsaya yana haki. A nan, gaban rabin mutanen gari, Irene ta zare su ɗaya bayan ɗaya tana masifa ƙasa-ƙasa. Col Maddern, abokin askinsa tun suna samari, ya leƙo daga gidan burodi da kofin shayi a hannu ya ce, "Jama'a, yau na ga bushiya tana kiwo." Shi ke nan suna ya zauna.

Abin da ba a cika faɗa ba in ana ba da labarin nan shi ne, wata shida kafin ranar, Noel ko igiyar takalminsa ba ya iya ɗaurewa.

Askin tumaki aiki ne na sunkuyo. Ka matse tunkiya tsakanin gwiwoyi, ka duƙa a kanta daga safe har yamma, ka sake ta, ka jawo wata. Baya yakan haƙura ya bar ka ka yi aure, ka yi gida, ka aurar da 'ya, sannan wata rana ya ce ya gaji. Na Noel ya ce ya gaji ba da daɗewa ba bayan rasuwar matarsa Glenda. 'Yarsu tana can birnin Perth mai nisa da mijinta, takan bugo waya ranar Lahadi. In ta ce, "Baba, ya bayan?" sai ya ce, "Ba laifi," ya koma ba ta labarin ruwan da bai sauka ba.

Likitocin garin kuwa ba sa zama. Wannan ya zo ya yi ɗan lokaci, kafin ka iya faɗin sunansa ya tafi, wani ya zo. Kowanne ya duba hoton bayan Noel ya girgiza kai ya rubuta ƙwayoyi. Ƙwayoyin suna kashe ciwon, su haɗa da mai ciwon. Yakan wuni a kujerar Glenda, shayi ya huce a gabansa, Tilly ta ɗora haɓa a gwiwarsa tana kallonsa kamar mai jiran bayani.

A haka hukumar lafiya ta yanki ta ware wa asibitin kuɗin gwaji na shekara guda: masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, baya ne, gwiwa ce, kafaɗa ce, a yi musu allurai da tausa kyauta, a ga ko za su rage shan ƙwaya. Da nas ɗin asibitin ta yi masa tayi, dariya ya yi.

"Ni za a caccaka kamar matashin alluran mai ɗinki? Bari dai, 'yar nan."

"To zauna da ƙwayoyinka. Jiya a ƙofar banki ka gaida ni sau biyu."

Ya je, wai don ya rufe mata baki.

Irene 'yar gari ce, Noel ya tashi tare da iyayenta, ta je birni ta koyo aikin ta dawo. Ba ta fara da allura ba. Tafin hannunta ta ɗora a tsakiyar bayansa, da ɗumi, ta bar shi nan, ta ce, "Nan ne, ko? Kai Noel, wannan ai ba baya ba ne, katakon gada ne." Ya buɗe baki zai ce ba laifi, maganar ta maƙale. Tun ranar jana'izar Glenda, da aka yi ta ba shi hannu ana bubbuga masa kafaɗa, ba wani ɗan Adam da ya sake taɓa shi. Bai san yana lissafin haka ba sai da hannun ya sauka. Ya ƙara tura fuska cikin ramin da aka yi wa gadon don sa fuska, ita kuma ta yi kamar ba ta lura ba.

Ko alluran ne suka yi aiki, ko tausar, ko hannun, wannan gardamar masu ilimi ce, kuma har gobe suna yin ta. Abin da muka gani da ido shi ne Noel ya koma shanya wankinsa da kansa. Ya rage ƙwayoyi. Ranar Alhamis yakan yi aski tas, ya sa rigar da Glenda ta ce tana yi masa kyau, ya isa asibiti tun ba a buɗe ba. Yana kwance yana ba Irene labarin rumfunan askin tumaki na da, ita tana cewa, "Ƙarya kake, rufe baki ka yi numfashi." Col ya ce ai zawarci yake. Ba zawarci ba ne. Mako ne ya samu rana guda da ake jiran mutum a wani wuri.

Da shekara ta zo ƙarshe aka ce wata jami'a za ta zo daga hukumar ta ji ta bakin marasa lafiyar kafin a yanke ko za a ci gaba da biya. Irene ta tare shi tun ana saura mako.

"Noel, don girman Allah ka faɗi gaskiya. Ka ce da ba ka iya tashi daga kujera."

"Zan faɗa mana."

"Na san ku. Ƙafar mutum ta guntule, a tambaye shi, ya ce ɗan kurji ne."

Ta san su kuwa. A rumfar askin tumaki akwai dokar da ba wanda ya taɓa faɗarta da baki: ba a cewa baya na ciwo. Wanda ya dafa ƙugu ya yi nishi, mai kwangila na kallonsa, baɗi ba za a kira shi ba. Yaro yakan koyi wannan kafin ya koyi riƙon injin aski, ya girma da shi, ya shiga kabari da shi. Duk da haka Noel ya yi niyya. Ya yi ta gwadawa a kicin, Tilly ce jami'ar. "Ranki ya daɗe, ciwon nan ya kusa kashe ni." Tilly ta kaɗa wutsiya. Ya ga ai abin ba wuya.

Kuskuren, in kuskure ne, shi ne da aka tara su gaba ɗaya a ɗakin jira, don a sauƙaƙa wa baƙuwa. Matan suka yi bayaninsu dalla-dalla, har da mai kuka. Sai aka zo kan maza, tsofaffin masu askin tumaki, har da Col, a jere a benci, huluna a gwiwa, kowa na satar kallon na kusa da shi. Jami'ar mace ce mai fara'a, ta sha tafiya, ta juyo ga Noel.

"Kafin a fara maka, yaya bayanka yake?"

Noel ya ji idon Col a gefen wuyansa. Col ɗin da suka yi aski kafaɗa da kafaɗa, wanda bai taɓa jin ya ce wash ba.

"To," in ji Noel, "ba laifi."

"Yanzu fa?"

"Ba laifi."

"Ka ga wani bambanci?"

"Ai akwai waɗanda suka fi ni buƙata. Ni dama nas ce ta matsa."

Col ya ce tasa gwiwar ma dama lafiyarta ƙalau, shayin asibitin ne ke kawo shi. Aka yi dariya, har jami'ar. Irene na tsaye a bakin ƙofa ta rufe ido.

A gaskiya ba wanda ya san ko maganarsu ce ta yanke hukunci. An ce kuɗin ne bai kai ba, an ce garuruwa da yawa na neman likita ma ba su samu ba, balle mai allura. Nas ta rantse masa cewa tun kafin matar ta taso an gama shawara. Noel ya gyaɗa kai, amma bai yarda ba. Shi dai ya san an tambaye shi, a gaban shaidu, kuma ga abin da ya ce.

Irene ta koma aiki a babban gari, inda ake biya daga aljihu. Ta ce ya zo ko ba ko sisi. Ya je sau ɗaya. Zaman motar zuwa da dawowa ya warware duk abin da ta ɗaura, ya kwana biyu bai miƙe ba. Ɗakin bayan asibitin yanzu kwalaye ne a ciki. Takalmansa masu igiya suna ƙarƙashin gado, ya koma sa na zurawa.

Har yau in Alhamis ta zo yana aski, ya sa rigar nan. Da yake ba inda ake jiransa, sai ya gangara gidan burodi a hankali, hannu a ƙugu in ba mai kallo, ya sayi burodi mai nama a ciki ya raba da Tilly. Makon jiya Col na zaune a wurin, ya hango shi tun daga nesa.

"A'a, ga Bushiya! Yau ina ƙayoyin? Ko an fige ka ne?"

Noel ya ja kujera, ya ɗauki lokaci kafin ya kai zaune. Ya dubi titi, inda babu tunkiya ko ɗaya.

"Col," ya ce, "je ka faɗa wa matar hukumar nan ta dawo ta sake tambayata. In za su mayar min da su, wallahi sai in zaga garin nan sau biyu, wandon ma ba sai na riƙe ba."