Gaisuwa a Kilomita Goma Sha Biyar

Shekarar da aka rage ma'aikata a tashar jirgin ruwa, ni ma guguwar ta kwashe ni. Shekara tara ina cika takardun fiton kaya, rana ɗaya aka miƙo mini ambulan ɗin sallama. Matata kaɗai na gaya wa, na kuma roƙe ta kada mahaifinta ya ji. Dattijo ne mai sayar da goro a unguwarmu ta New Bell, wanda ya ba ni 'yarsa don ni ɗan ofis ne. Kullum sai in sa riga mai guga in tafi unguwar Akwa, in yi ta bin ofisoshi ana ce mini in dawo gobe. Tukunyarmu ta koma hawa murhu sau ɗaya a yini, ga matar da ciki wata bakwai.

Ana nan sai wani kamfanin gadi ya sa gasar gudu, kilomita ashirin da ɗaya, ya ce duk wanda ya gama cikin awa ɗaya da minti arba'in za a ɗauke shi aiki. Ni da na raina masu gadi, ranar nan har addu'a na yi Allah ya sa ni cikinsu.

Wata biyu na yi ina shiri a hanyar Yaoundé, inda kowace unguwa sunanta lambar kilomitarta. Da an sallame asuba sai in fice, don a unguwarmu magidanci ba ya gudu sai in an biyo shi. Ranar farko na zabura kamar akuyar da ta tsinke igiya, kafin kilomita biyar ina tsugune bakin kwata ina amai. A hankali na koyi danne zuciya: minti huɗu da rabi kowace kilomita, ko wa ya wuce ni ya wuce. Ranar da na kai unguwar PK 14, wato kilomita goma sha huɗu, numfashina bai sarƙe ba, na zauna kan dutse na yi lissafi. In ban yi tuntuɓe ba, ina da rarar minti biyar.

Ranar gasar komai ya tafi daidai. Na bar samari suka yi ta tsere, na riƙa tsintar su ɗaya bayan ɗaya suna tafe suna dafe da ciki. A kilomita goma sha biyar hanya ta bi ta gefen unguwarmu. Ashe ana suna a wani gida, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, dattawa sun jeru. A tsakiyarsu surukina, ni kuma ga ni da gajeren wando, gwiwa a waje.

Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Kafin in ankara na tuɓe takalma na durƙusa.

"Barka da hantsi, Baba."

Ya riƙe hannuna, ya bi gaisuwa tiryan-tiryan: gida, iyali, mai jiki, gajiya. Ina amsawa ina satar kallon agogo, waɗanda na wuce suna ta wuce ni. Sannan ya dubi lambar da ke ƙirjina.

"Wannan fa, ɗana? Me ya koro ka?"

"Baba, ba ni da aiki tun bara. In na isa kan lokaci, za su ɗauke ni gadi."

Ya saki hannuna kamar ya taɓa garwashi. "Shi ne ka tsaya? Tashi! Tafi!"

Na yunƙura, cinyoyina suka ce ba su san zancen ba. Duk mai gudu ya san ba a tsugunawa da jijiya da zafi, ni ma na sani. Jijiyoyin suka ɗaure tamau, sai da dattawa biyu suka ɗaga ni, wani ya sa mini takalma. Sauran kilomita shida na yi su ina jan ƙafa ina kuka, ina zagin kaina, ban damu da mai kallo ba.

Na isa da lattin minti uku. Magatakardan kamfanin, matashi ne da bai kai ni shekaru ba, ya dubi agogonsa ya ce da Faransanci, "C'est fini, monsieur," wato an gama.

Ina zaune a ƙasa sai ga bensikin, wato ɗan acaɓa, ya tsaya, surukina ya sauko daga bayan babur ɗin, babbar riga duk ta tattare. Bai dube ni ba. Ya nufi teburin magatakardan, ya yi ta bayani da Hausa yana haɗawa da guntun Faransancin kasuwa.

"Ni na tsayar da shi. Laifina ne, patron. Matarsa ciki gare ta."

Magatakardan ya ci gaba da haɗa takardunsa. Sai tsohon nan ya cire hularsa, ya durƙusa a gaban teburin, cikin ɓawon lemo da ledojin ruwa. Shekara takwas ina surukinsa, ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai ranar.