Takin Murjani

Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata a Daura, ban kuma taɓa ganin teku da idona ba. Amma na ajiye guntunsa a ɗakina: akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da kifi biyu, da reshe uku na murjani mai rai waɗanda wata ƙawata ta ɗauko mini daga Legas a cikin kula. Ranar da suka iso kasa cin abinci na yi don murna. Mutanen gidanmu murjanin wuya suka sani, ja a zare. Da na ce musu wannan dabba ce, tana ci tana girma, sai suka ce boko ya fara taɓa ni.

Hidima kuwa na yi ta. Ruwan rijiya ba ya yi, sai tatacce, in auna gishirin teku in dama. Wani ɗan kabilar Ibo mai shagon kayan wuta ya haɗa mini sola don kada famfon da ke juya ruwan ya tsaya, ya ƙara da fanka saboda zafin bazara. Kowace Asabar da safe ina gwajin ruwa a 'yan kwalabe. In duba gishiri, in duba kalshiyam da murjani ke gina ƙashinsa da shi, sannan naitiret, sinadarin da kashin kifi ke bari a ruwa. Idan akwai shi, kwalbar takan yi ja-ja. Tawa kullum garau take fitowa, ni kuma ina ta alfahari, don a wurina wannan ƙazanta ce. Na tsani ƙazanta. Kifin ma abinci kaɗan nake ba su don kada su ɓata mini ruwa.

Sai reshe na farko ya fara koɗewa, ya yi fari fat, ya mutu. Na ce lallai akwai sauran datti, na ƙara yawan canjin ruwa. Na biyu ya bi shi. Saura ɗaya, kore, shi ma ya dusashe kamar tsohon zane. Ƙawata ta bar Legas, ba ni da mai kawo mini wani. Idan wannan ya tafi, shi ke nan. Tsoro ya kama ni sosai, haushi kuma kowa a gidan ya ɗanɗana.

Ana haka kakana ya zo daga Sandamu wata Juma'a. Manomi ne, bakinsa kuma ba ya shiru. Ya tarar da ni da bokiti ina kwashe ruwa. Ya daɗe yana leƙen gilashin.

"Amarya, wannan shukar taki yunwa take ji."

"Kai tsoho, ina ka san teku? Ba gero ba ne."

"Gero ma haka yake fari in ƙasa ta gaji. Su waɗannan kifin, ina kashinsu yake zuwa?"

Na nuna masa matatar ruwa, na nuna masa bokiti. Ya yi dariya har da tari.

"Ashe ke ce ɓarauniyar! Mu da rani roƙon Fulani muke su kwana da shanu a gonarmu. Ke an ba ki shanu har biyu, kina bin su da tsintsiya."

Raina ya ɓaci, na ce masa ya je ya yi alwala kada ya rasa sahu. Amma yana fita na ajiye bokitin na buɗe littattafaina. Abin yana nan, na sha karanta shi ban kula ba: a cikin jikin murjani akwai wasu ƙananan tsirrai, su ke ba shi launi, su ke ciyar da shi, kuma abincinsu shi ne wannan sinadarin da nake yaƙa. Idan ya yi yawa gansakuka ta rufe komai, idan babu ko kaɗan su mutu. Kunya ta rufe ni.

Da ya dawo daga masallaci na tambaye shi, a fakaice, yaya ake zuba taki.

"Kaɗan-kaɗan," ya ce. "Mai zumuɗi ƙone shuka yake."

Na rage canjin ruwa. Na ƙara wa kifin abinci, ƙwaya-ƙwaya. Asabar ta biyu kwalbar ta yi ɗan ja-ja, na yi tsalle har na zubar da rabinta. Amma reshen bai canza ba. Sati uku, huɗu, kullum ina durƙushe gaban gilashi kafin in tafi makaranta.

Wata safiya na ga koren ya dawo daga gindi, a gefe kuma ga wani ɗan tsiro kamar ƙwayar dawa, wanda jiya babu shi. Ihun da na yi sai da maƙwabta suka leƙo. Ana tashi daga makaranta na hau mota zuwa Sandamu, na same shi a gona yana watsa taki, na miƙa masa hoton reshen a waya.

Ya kai wayar kusa da ido, ya nisanta ta, ya ce shi bai ga komai ba.

"Ya tsiro, Kaka. Wallahi ya tsiro. Kai ne da gaskiya."

"Wannan na ƙarshen," ya ce, yana karkato kunne, "sake faɗa, amarya. Kunnen ma ya tsufa."

Na sake faɗa, da ƙarfi, har masu gonar kusa suka ji.