Ranar da Aka Nemi Kawu a Bayan Shuwak

Mun bar Gadarif ana idar da sallar asuba, mu huɗu a tsohuwar motar Kawu mai buɗaɗɗen baya. Neman aure za mu je wa ƙanina, makanikin tarakta, wanda ya je gyara wata gona a kakar riɗin bara ya dawo ba ya iya cin abinci saboda wata yarinya da ya gani a can. Yarinyar 'yar ƙabilar Kunama ce, Musulma, iyayenta sun ƙetaro daga Eritriya tun kafin a haife ta, suka zauna a wani ƙauye bayan Shuwak. Baffa, wan mahaifinmu marigayi, shi ne jagora. Bai so auren ba, kuma ya faɗa tun a gida cewa sau ɗaya zai je, in ba a daidaita ba ba zai sake taka ƙauyen ba. Ni an ɗauke ni don in gaisa da mata, ƙanina don ya nuna hanya. Kawu, ƙanin Innarmu, direba ne kawai, tunda a wajenmu dangin uba ke neman aure.

Hanyar Kasala da sassafe tana da kyau in mutum bai kalli ramukan ba. Hagu da dama baƙar ƙasa ce shimfiɗe har inda ido ya gaji, an yanke dawa, karan ya bushe, raƙuma na kiwo a ciki. Mun tsaya a shingen bincike uku. A kowanne Baffa sai ya gyara rawaninsa ya ce neman aure za mu, masu binciken kuma su yi mana addu'a su ce a buɗe buhun sukari su gani. Ni ina baya da kayan gaisuwa, sukari da ɗanyen kofi da turare, ina tsara yadda ranar za ta kasance. Na karanta littattafan soyayya da yawa, don haka na riga na ga uban yarinyar a raina: dogo, mai haɗe rai, wanda zai ƙi har sai wani ya zubar da hawaye.

A Shuwak muka karya. Tashar cike take da mutanen da yaƙi ya koro daga Khartum, da masu sayar da albasa da gawayi. Mun ci ful, wato dafaffen wake, da mai da burodi a wata rumfa, sannan muka sha shayi wurin wata mata da ta jera kwalaben citta da kanumfari a gabanta kamar mai sayar da magani. Farashin komai ya ninka na bara, burodin kuwa ya rage jiki. Daga nan muka sauka daga kwalta, muka bi turɓaya kusan awa guda.

Ƙauyen bukkoki ne masu tsinin rufi, kewaye da dangar kara. Uban yarinyar ya tare mu a ƙofa, ɗan gajeren mutum mai fara'a, ko kusa ba irin na littattafaina ba. Ya kai Baffa inuwar rumfa. Ƙanina da Kawu suka zauna a jikin mota. A bakin wata bukka akwai tsohuwa tana soya kofi a kasko, muka yi mata sallama a tsaye muka wuce.

Sai da na shiga wurin mata na gane kuskurenmu. Uwar yarinyar ta tambaye ni da Larabci ko mun gaisa da Habboba, wato kakar gidan. Na ce wacce? Ta nuna mai soya kofi. A hankali suka yi mini bayani. A wajensu ɗa na dangin uwarsa ne, ta wajenta ake ƙirga asalinsa. Namiji in ya tsufa, 'ya'yan 'yar'uwarsa yake kallo a matsayin nasa na jini. Uba yana da girmansa, shi zai ba da auren a gaban malam kamar yadda addini ya ce, amma ba zai buɗe baki ba sai tsohuwar nan da kawun yarinya sun yarda. Rumbun dawa ma mabuɗinsa a wuyan tsohuwar yake, na gan shi da idona.

A waje kuwa Baffa ya shafe awa yana jawabi. Ya kawo sunan kakan kakanmu da ya taso daga Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin hajji, da ɗansa, da ɗan ɗansa. Uban yarinyar yana ta gyaɗa kai. Da Baffa ya gama, sai ya ce maganar ta yi daɗi ƙwarai, bari a kira masu ita.

Tsohuwar ta zo da tulun kofinta, ta zauna a kan 'yar kujera, ta zuba wa kowa. Sannan ta dubi Baffa.

"Ya Hajj, na ji mazan gidanku tun daga can. Yaron nan mace ce ta haife shi ko?"

Baffa ya ce ƙwarai.

"To wace ce uwar uwarsa? Ita kuma wa ta haife ta?"

Baffa ya san sunan kakarmu ta wajen uwa, daga nan ya tsaya. Aka kira ƙanina, shi ma bai wuce nan ba. Ni ma da nake laɓe a bayan danga ban sani ba. Tsohuwar ta ce ba ta ba da jikarta ga mutumin da ba shi da kawu, don ranar da aka saɓa ba ta san ƙofar da za ta buga ba. Na ga Baffa ya jawo takalminsa da ƙafa. Ƙanina ya sunkuyar da kai.

Ban san lokacin da na ce yana da kawu ba, ga shi can a jikin mota.

Aka je aka taso shi. Ya shigo da jallabiyarsa mai tabon baƙin mai, yana goge hannu da tsumma. Da aka maimaita masa tambayar, sai ya jero su: kakarmu Hawwa, 'yar Tasalla, 'yar Ladi mai ƙosai, wadda ta goyo 'yarta tun daga Barno, ta binne mijinta na fari a hanya, ta ƙarasa nan ita kaɗai. Ban taɓa jin wannan labarin ba. Tsohuwar ta sake cika masa kofi. Ta ce da shi za ta yi magana, kuma haihuwar fari a ɗakinta za a yi. Kawu ya waiwayi Baffa. Baffa ya ture takalmin gefe ya ce ai haihuwar fari mu ma a gidan uwa ake yi.

An ba mu kisira, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa busasshiya. Yarinyar ta leƙo sau ɗaya da kwanon ruwa. Ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya suma.

Mun shigo Gadarif ana kiran magariba. Da muka zo unguwa Baffa ya ce Kawu ya riƙa wanke jallabiyarsa in za a fita. Abin da na dawo da shi ba yawa: shekara talatin ina haddace mazan gidanmu, ban san sunan matar da ta goyo mu zuwa ƙasar nan ba. Da na ba Inna labari, ta ce Kawu ya tsallake ɗaya, akwai Gambo tsakanin Tasalla da Ladi. Na ɗauko biro na rubuta su duka huɗu a bangon littafin da nake karantawa.