Mayen Ƙarfe Na Uku

Shekarar da na samu gurbin ƙarin karatu a waje, Baba ya kafa mini sharaɗi guda: sai na fahimtar da shi abin da zan je karantawa, in ba haka ba ko tasha ba zan taka ba. Masunci ne a Argungu, mai taurin kai na gaske, ni ma kuma a wurinsa na gado.

To ina zan fara? Binciken nawa kan wasu duwatsu ne da ƙwayoyinsu ke jere uku-uku kamar duwatsun murhu, kowace ƙwaya tamkar ɗan mayen ƙarfe. Na yi kwana biyu ina zuba bayani, yana ɗinkin komar kamun kifi yana hamma. Haushi ya ishe ni, na hau mota zuwa Birnin Kebbi, na sayo mayen ƙarfe uku masu faɗin kwabo a shagon wani Ibo mai kayan rediyo. Na shafa wa kowannensu jan farce a fuska ɗaya.

Da la'asar na jera biyu gefe da gefe a kan tabarmarsa. In ɗaya ja ne a sama, ɗayan baƙi, sai su manne. In fuskarsu iri ɗaya ce, sai su ture juna. Na miƙa masa na uku.

"Baba, sa shi ya jingina da su duka biyu."

"Wanga ɗan abu? Kawo nan, ɗiyata."

Ya sa ja, na dama ya ture shi. Ya juya baƙi, na hagu ya ƙi. Ya yi tsaki, ya gyara zama. Wallahi har aka kira magariba mutumin nan yana juyi, Inna na leƙowa daga madafa tana dariya, wai yau kifi ya huta. Ina kewar yammacin nan ƙwarai.

Kwana uku ya yi bai je gulbi ba. Rana ta huɗu ya kira ni.

"Abin ga ba ya gyaruwa?"

"Ba ya gyaruwa, Baba."

"To mi za ki yi can?"

"In ga yadda dubbansu ke zama cikin dutse guda a haka."

Ya ce in tafi, amma in bar masa su.

Ina shekara ta uku a can ya rasu, ban samu jana'iza ba. Da na zo gaisuwa, Inna ta kwance mayen ƙarfen nan uku daga bakin zanenta, jan duk ya goge saboda taɓawa. Ta ce kullum bayan la'asar sai ya zauna da su. Na ce ai na gaya masa ba ya gyaruwa.

"Bai yarda ba," in ji ta. "Cewa yake in ya gyara, ba sauran abin da zai zaunar da ke can, sai ki dawo gida."