Taliyar Shinkafar Gwaggo

Duk lokacin da ganyen ɗoɗɗoya ya faɗa kasko mai zafi, ƙamshinsa gidanmu na unguwar Kirkissoye a Yamai yake mayar da ni, har in ji kamar Gwaggo ce ke tari a madafa saboda hayaƙin barkono. Yayar mahaifinmu ce. Ba ta taɓa haihuwa ba, ni da wana ta riƙa kamar ita ta haife mu.

Da ƙuruciyarta ta yi aikin girki a gidan wata mata 'yar Thailand, wadda mijinta ya zo aikin gonakin shinkafa a Saga. A can ta koyo wani abinci da ba wanda ya san shi a unguwarmu. Taliya ce, amma ta shinkafa. Sai an gama girbi take yin ta, da sabuwar shinkafa. Za ta jiƙa, ta kai niƙa, ta dama ƙullun ruwa-ruwa, ta shafa shi siriri a faranti, ta turara, sannan ta yanka shi faɗin yatsa biyu. Ruwan kifin da matar nan ke zubawa babu shi a Babbar Kasuwa, sai Gwaggo ta ƙirƙiro nata da busasshen kifi da ɗan daddawa. Kasko sai ya fara hayaƙi kafin tafarnuwa da barkono su shiga, sai naman shanu yankan siriri, sai taliya. Ɗoɗɗoya kuwa, sai an sauke daga wuta. Muna ci muna sharar majina, muna miƙa kwano a ƙara.

Maƙwabta sun roƙe ta sirrin har sun gaji. Ba ta rubutu, ba ta awo, ba ta kuma barin kowa ya tsaya mata a kai. Ni kaɗai ta koya wa, ta riƙe hannuna a cikin ƙullu har na gane kaurinsa.

"Ɗiyata, ban da gida, ban da gona," in ji ta. "Wannan ne abin da zan bar miki."

Wana ya girma ya shiga fatauci, yana zuwa Bangkok saro tufafi. Wata rana ya same ni da baki mai zaƙi, wai zai buɗe gidan abinci a tsallaken kogi, kuma sunan Gwaggo zai sa a allon ƙofa, kowa ya san hannun da ya raine mu. Wallahi hawaye na yi. Ni na yi sati ina lallashin tsohuwa har ta yarda a ba shi sirrin taliyar. Ni kuma na tsaya na koya wa masu girkinsa komai, har da ruwan kifin.

Ranar buɗewa Gwaggo ta sa shaddarta ta Sallah, ta yi lalle. Da muka sauka daga taksi ta ɗaga kai tana kallon allon. Ba ta iya karatun boko ba, sai ta taɓa ni.

"Ina sunana a ciki?"

Babu. Sunan wani birnin Thailand ne da manyan baƙaƙe. Na ce mata mu shiga tukuna, rana ta yi zafi.

Aka zaunar da mu can ƙurya kusa da wurin wanke hannu. Wana ya miƙe a gaban manyan baƙinsa, ya yi bayani da Faransanci, ya maimaita da Hausa, cewa wata uku ya yi a Bangkok a hannun wani babban kuku kafin ya ƙware. Mutumin da ko ruwan shayi bai iya dafawa ba! Aka yi ta tafi. Na dubi Gwaggo, na ga ta ajiye cokali a hankali, ta gyara mayafi. Na bi wana bayan kantar gidan abincin na tuhume shi, sai ya ce da ni, "Haba ƙanwata, wa zai sayi abincin Thailand idan ya ji tsohuwar Kirkissoye ce ta koya mana?"

Ni da Gwaggo muka kama hanyar gida, muka haye gada. Ba ta zage shi ba, ni ma ba ta zarge ni ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Girbi uku ta ƙara gani a duniya, ba ta sake jiƙa shinkafar taliya ba. Ina gaisawa da wana saboda zumunci, amma har yau ban huce ba.

Yanzu Yamai ta sauya. Yara na danna waya, mai babur ya kawo musu abincin kowace ƙasa har ƙofa, ba mai tambayar wa ya fara dafa shi. Kwanan baya babbar ɗiyata ta shigo da 'yar roba a leda, tana murna.

"Mama, ɗanɗana, girkin da Kawu ya koyo a Thailand ne."

Na zaunar da ita, na nuna mata hoton Gwaggo a bango, na ba ta labarin daga farko har ƙarshe. Ta dubi hoton, tsohuwa da tsagen Damagaram a kumatu, ta dube ni, sai ta fashe da dariya.

"Kai, Mama, kin iya tsokana."

Ta ɗauki cokalinta ta ci gaba da ci.