Ankon Matan Unguwar Tudu

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da almakashi, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da na kai wa matan Unguwar Tudu ankonsu. A shekarar 1975 ne, cikin goman ƙarshe na watan azumi, ruwa bai gama ɗaukewa ba. Ku da kuke ɗinki yanzu, mace ta shigo shago ku zagaye ta da tef kamar za ku ɗaure dami, ba za ku gane tashin hankalin da na shiga ba sai na faɗa muku yadda muke aiki a wancan zamanin.

A gidan Hajiya Dije nake aiki, a Tudun Wada. Ta koyi ɗinki ne a Riruwai lokacin da mijinta yake aikin kuza, da ya rasu ta dawo gida da keke ɗaya na hannu. Kafin in je wurinta kekuna sun zama uku, mu ma'aikata duk mata, kuma kowa da matsayinta. Sabuwar zuwa da guga take farawa, ta yi ta hura gawayi har hancinta ya yi baƙi. Daga nan sai sa maɓalli da kalmasa, sannan a bar ta ta hau keke. Ta sama da kowa ita ce mai yanka, domin ɗinki in ya ɓaci a farke a sake, yanka kuwa in ya ɓaci sai haƙuri. A farkon wannan shekarar Hajiya ta miƙa min almakashin gidan, ni kuwa kaina ya kumbura, har tafiyata ta sake.

Duk rigar da za ta fita daga gidan, Hajiya da hannunta take yi mata ɗan ƙulli da jan zare a bayan wuya daga ciki, kamar ƙwayar idon zakara. Takan ce ita ba ta da allo a ƙofar gida, allonta yana wuyan mutane. Mace ce mai tsari ainun. Tun kafin azumi take sayo yadi da zare, kafin su yi tsada. Ba ta karɓar aikin da ya fi ƙarfin kekunanta, kuma azumi na raba tsakiya take rufe karɓa, ko wace ce ta zo. Sai doka ta ƙarshe, wadda na fi tsana: babban aiki ba a ba da saƙonsa, sai ma'aikaciya ta kai da ƙafarta tun da sauran kwanaki, ta tsaya a saka a gabanta.

Maganar awo kuma, yawancin matan da muke yi wa ɗinki ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Mace tana cikin gida, sai ta aiko da tsohuwar rigarta wadda ta zauna mata daidai, mu shimfiɗa ta a kan sabon yadi mu zana da alli mu yanka. In an gama, a naɗe sabuwa cikin tsohuwa. Tsohuwar riga ita ce awo, ita ce kuma sunan mai kaya.

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi wata dattijuwa ta yi sallama, doguwa, kakkaura, da ƙaton ƙunshi a ka. Sunanta Iya Talle, ita ce uwar matan Unguwar Tudu. Mutanen nan su ne waɗanda ruwan Tiga ya ci ƙauyensu, aka tashe su aka kai su wani tudu, maza suka koma kamun kifi da ɗan noman rani. Ta ce tun da aka tashe su ba su yi sallar kirki ba, bana matan sun haɗa ƙarfi, su wajen talatin, suna so su fito iri ɗaya, riga da zani da ɗankwali, don duk wanda ya gan su ya san 'yan gari guda ne, ba su watse ba.

Hajiya ta karɓa da hannu biyu. Da Iya Talle ta tafi ta ce min, "Saude, kin ga wannan aikin? Ƙofa ce. Mutanen bakin ruwa da rani suke samu, lokacin da mu nan kekunanmu suke hutu. In muka yi musu da kyau, mun daina zaman banza bayan kaka."

Ita da kanta ta shiga mota zuwa Kano ta zaɓo atamfa ruwan ganye mai zanen fitila, ta kwashe duk ragowar turamen da mai kantin yake da su. Ma'ana, in aka ɓata, babu inda za a samo ƙari.

Da na kwance ƙunshin rigunan awo sai na riƙe baki. Leshi ne, da atamfa mai tsada, har da mai aikin zare a wuya irin na birni, duk a wanke a goge. Na ce wa Hajiya, "Ashe mutanen dam sun fi mu shiga. Su ne ake ta ce wa Allah sarki?" Ta harare ni ta ce in yi yankana in bar gulma. Na yanka, kuma ba yabon kai ba, na yanka da kyau, kowace riga ta bi uwarta taƙi da taƙi. Aka ɗinke, aka goge, Hajiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya da jan zarenta.

Ranar kai kaya na shiga motar itace da safe, ta sauke ni a mararraba, na ƙarasa da ƙafa cikin taɓo, ga kaya a ka, ga azumi a baki, ina ta mita a raina. Na tarar matan sun cika tsakar gidan Iya Talle. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Hajiya da ibada, sannan na shimfiɗa tabarma na fara ɗaga ƙunshi ina cewa, "Mai wannan rigar?" Sai na lura kafin a amsa sai an ɗan kalli juna. Ban kawo komai a raina ba.

Wadda ta fara sakawa wata siririya ce, Ladidi. Rigar ta haɗiye ta, wuyan ya sauko har kafaɗa, hannun ya wuce gwiwar hannunta. Ta biyu mai jego ce, Uwale, da goyonta a gefe. Tata ta shiga da ƙyar ta tsaya a ƙirji cak, ba gaba ba baya. Ta uku ta huɗu duk haka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba wadda ta yi ƙorafi. Uwale tana numfashi sama-sama tana cewa, "Ta yi, Malama, wallahi ta yi kyau. Sannu da aiki."

Na ce, "Ɗaga hannu in gani."

Ta kasa. Ni kuwa tuni na hango ranar salla, mata talatin sun fito cikin rigunan da suka zama abin dariya, duk wanda ya tambayi ɗinkin wa, a juya masa wuya a nuna masa jan ƙullin Hajiya. Sunan da matar nan ta yi shekaru tana tarawa zai zube a rana ɗaya, kuma da almakashina. Na ɗauka ni ce na hautsina ƙunsunan, sai na ce wa Uwale ta cire, ta saka tsohuwarta in gwada su.

Uwale ta sunkuyar da kai tana murza bakin zani. Can Iya Talle ta miƙe ta ce, "'Yar nan, zo mu shiga daga ciki."

Da muka shiga ɗaki ta saki labule ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Kada ki sa ta saka, ba za ta shige ta ba. Ba tata ba ce. Duk rigunan nan na aro ne."

Na ce, "Aro kuma, Iya?"

Ta ce, "Aro. Na 'yan uwanmu ne da ke aure a Bebeji da Kiru. Tun da muka taso ba wadda ta ɗinka sabon abu, abin da aka samu rufin ɗaki ya tafi. Namu duk sun mutu, faci a kan faci. Da muka ji Hajiya da tsofaffin riguna take awo, sai matan suka ce su ba za a kai tsummansu cikin gari a ɗaga a gaban 'yan aiki ba. Ni ma ban ga laifinsu ba, tawa ma ta aro ce. Mun ɗauka bambancin kaɗan ne, a ɗaura zani a kai ya ɓace."

Haushi ya kama ni, don ko alama ba su yi mana ba, sai kuma tausayi ya danne haushin. Ni dai na san an yanka yadi, kuma wanda aka yanka ba ya komawa turmi.

Muna cikin haka sai muka ji shewa a waje. Muka fito. Ashe Uwale da ta samu ta tuɓe rigar da taimakon mata biyu, sai ta jefa wa Ladidi ta ce, "Ke ƙashi da rai, gwada wannan, ni ta kusa karya min azumi." Ladidi ta saka, riga ta zauna mata ɗas kamar a jikinta aka yanka. Ita kuma ta miƙa wa Uwale tata, ta shige ta har da sauran wurin shayarwa.

Wallahi nan take na hango mafita. Anko ne fa, yadi ɗaya, ɗinki ɗaya, ba rigar da aka rubuta wa suna a goshi. Nan take na kwance duk ƙunsunan, na ware na aro gefe don a mayar wa masu su, na kasa sababbin kashi uku a kan tabarma, ƙanana da matsakaita da manya. Na ce kowa ta zo ta gwada, amma ba mai tafiya da riga sai ta ɗaga hannu ta sunkuya a gabana. Gidan ya kaure da dariya, kunyar ɗazu ta tafi. Wata tsohuwa ta riƙe wata ƙarama ta rantse ita ce tata, sai da jikarta ta tuna mata rabon da ta yi wannan jikin tun kafin a haifi babanta.

Kafin azahar kowa ta samu, ban da 'yan kaɗan masu jiki, cikinsu har da Iya Talle. Su na shiga da su ɗaki ɗaya bayan ɗaya, na auna su da igiya ina ƙullawa. Da na zo kan Iya sai ta ɗaga katifa ta zaro rigarta ta gaskiya ta miƙo min ba tare da ta kalle ni ba. Ba a gane asalin launinta, hammatar da ƙyallen buhu aka tare ta, amma ɗinkin facin a jere yake tsaf, ka san mai ita ta riƙe ta da mutunci. Na auna ta a nan cikin ɗaki na ninke na mayar mata.

Na iso gida da la'asar sakaliya da ragowar rigunan, na durƙusa na zayyana wa Hajiya komai ina jiran saukar faɗa. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Da Iya Talle ta nuna miki tata, kin yi dariya?"

Na ce, "A'a, Hajiya."

Ta ce, "To, ba a yi ɓarna ba. Ɗauko min buhun ƙyalle."

Ragowar yankan atamfar muka tsinto, aka farke gefen rigunan aka ƙara musu faɗi daga hammata zuwa ƙasa, aka daidaita zanen fitilar yadda sai mai ɗinki zai gane an yi ƙari. Ana jajiberin salla na sake taka taɓon nan na kai, wannan karon ba mita. Iya Talle ta saka, ta ɗaga hannuwa biyu sama tun kafin in ce, ta ce, "Ga shi, mai bincike."

Bayan salla Hajiya ta sake tsari. Ta daina neman tsohuwar riga daga wanda ba ta sani ba, sai dai ta tura ɗayanmu da tef ta shiga har cikin gida. Kashi ukun nan da na yi a kan tabarma kuma ta riƙe shi, muka fara ɗinka riguna ƙanana da matsakaita da manya tun kafin a nema, dillaliya tana kai su Burumburum da bakin ruwa. Da rani ya zo, kekunanmu ba su huta ba.

Abin da na koya a ranar shi ne, mutanenmu sun gwammace su saka abin da ya shaƙe su da su nuna maka inda suka gaza. Ba ƙarya suke maka ba, asirinsu suke rufewa, kuma rufa shi yana cikin aikin da suka kawo maka ko ba su faɗa ba. Shi ya sa har na ajiye almakashi, in mace ta saka ɗinkina ta yi saurin cewa ya yi, ba na jin daɗi tukuna. Sai in sallami kowa daga ɗakin, in saki labule, sannan in ce mata ta ɗaga hannu.