Zanen Kawu da Ya Ɓace Tsakanin Gwandu da Kalgo

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da wani abokina da ba ya jin an ce tafiya ya zauna gida, musamman in ya san akwai abinci a ƙarshenta. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba, Inna ce ta koro ni. Wanta, wato kawuna na Gwandu mai aikin manyan riguna da injin kwamfuta, ya wayi gari duk zanukan da yake ɗora wa injin sun ɓace. Ya rantse ɗansa da ke da shago a Kalgo ne ya kwashe, har ya ce kada yaron ya ƙara taka masa ƙofar gida. Inna ta dube ni ta ce, "Kai kas sa su cikin wanga abu, kai ka gyara shi."

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata ke nan. Ina taimaka wa masu ƙananan kasuwanci su ajiye kayan aikinsu a intanet, abin da 'yan boko ke ce wa gajimare, ta yadda ko kwamfuta ta ƙone ba a yi asara ba. Bara na yi wa Kawu, bayan an wanke masa filashin da yake ajiye zanuka a ciki, a aljihun riga. Na buɗe musu ma'ajiya ɗaya shi da ɗansa, zanen da aka yi a Gwandu da safe a ɗinka shi a Kalgo da rana, ba sai an ba direba saƙo ba. Kawu ya yi ta shi mini albarka a lokacin.

Za ku ce me ya hana in gyara daga ɗakina? Na gwada! In zan shiga ma'ajiyar sai an tura wa Kawu wasu lambobi a wayarsa ya karanto mini. To ni da bakina na gargaɗe shi kada ya taɓa karanta wa kowa lambobin nan, ko da ya ji murya irin tawa. Na kira shi, na yi rantsuwa, na faɗi sunan kakata. Ya ce, "Hakanan ɓarayin ka cewa," ya kashe waya. Ban taɓa jin haushin ɗalibi mai riƙe karatu ba sai ranar.

Motar da muka shiga bas ce da ta ga duniya. Kuɗin mota ya hau tun zuwana na ƙarshe, da na yi magana direba ya ce in je gidan mai in yi ƙorafi. Amma hanya ta yi kyau a ido. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, dawa ta tsaya kore shar tun daga Boɗinga har Tambuwal. A Malisa muka sauka. Abokina bai ko karkaɗe rigarsa ba ya nufi wata Bafillatana mai fura da nono. Wallahi furar ta yi, nonon mai kauri, ba irin ruwan da ake sayar mana a birni ba. Ya sha ƙwarya guda ya ce a ƙara, sai da na ja shi muka hau kabu-kabu zuwa Gwandu.

Tun daga bakin layi na san babu lafiya, don ban ji ƙarar inji ba. Shagon Kawu kullum kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano yake. Ranar tsit. Shadda jibge a kan benci, ta masu biki da ta masu suna, ga shi zaune a tabarma ya cika ya yi fam. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ƙare mini kallo sama da ƙasa, kamar yana son ya tabbatar ni ne, sannan ya miƙo wayar.

Da na shiga ma'ajiyar, sai na tarar wurin zanukan fayau yake. Sai na leƙa kwandon shara. Irin wannan ma'ajiya ba ta zubar da abu nan take, tana riƙe shi na ɗan lokaci ko mai shi zai yi nadama. Ai kuwa ga su nan reras! Aska biyu, aska tara, da tsoffin zanukan da Kaka, mahaifin su Inna, ya yi da hannu Kawu ya sa aka mayar da su na inji. Na danna, suka koma mazauninsu. Kawu ya miƙe tsaye yana "Allahu Akbar, ikon Allah!" Kafin azahar inji ya kama ruri, maƙwabta suna leƙowa suna barka.

Ni har na fara hura hanci, sai Kawu ya ce, "To, wa ya zuba su shara?"

Nan ne wuri ya yi mini zafi. Ma'ajiyar tana rubuta wanda ya taɓa komai, kuma ga shi ɓaro-ɓaro, daga wayar Kalgo aka goge. Ba zan yi wa wan uwata ƙarya ba, na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya koma ya zauna ya ce da ma tun da yaron ya nace sai ya buɗe nasa shagon kusa da 'yan jami'a, ya san ya raina aikin tsofaffi. Na ce mai son sata kwafa yake yi, ba ya gogewa. Ya ce mai son ya kashe maka kasuwa fa? Tausayinsa ya kama ni, don na ga ba zanen ke cin sa ba.

Muka kwana Gwandu. An yi mana tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, abokina ya ci har ya fara kiran Kawu da Kawu. Da safe na ce za mu bi ta Kalgo, ko zai zo? Ya ce Allah ya kiyaye. Muna ɗaukar jaka sai ga shi da hula da carbi, wai zarensa ya ƙare, zai saya a Birnin Kebbi. Na dubi kwalayen zare da suka kusa taɓa rufin shago, na saɓa jakata muka fita.

Ta Kambaza muka bi, a wata ƙaramar mota da aka cusa mu kamar buhunan gero. Ruwa ya ɗan ci hanya a wasu wurare, ga shanu suna tsallakawa ba sa ko kallon mota. Muka isa Birnin Kebbi, ba wanda ya ambaci zare. Muka sake mota zuwa Kalgo, inda ƙasa ta sauya, fadama ta buɗe, shinkafa ko'ina, mata suna soya kifi a bakin titi.

Ɗan Kawu taubashina ne, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Na shiga shagonsa ina cewa, "Ina ɓarawon zane?" Bai yi dariya ba. Ya rame, idonsa ya faɗa. Da ya hango wanda ke bayana sai ya zube ƙasa yana gaisuwa. Kawu ya amsa ciki-ciki, ya zauna a kujera yana kallon huluna da rigunan 'yan makaranta da ke rataye.

Na ce ya ba mu labari. Ashe wayarsa ce ta cika, ta ƙi ɗaukar ko hoto ɗaya, ga ɗiyarsa ta fara tafiya yana son ya ɗauka. Ya duba ya ga zanuka sun cinye wuri, ya ce bari ya cire nasa, ai na Baba yana wurin Baba. Bai san abu ɗaya ne suke gani su biyu ba, in ka share a nan ka share a can. Da ya zo neman wani zane daga baya bai samu ba, ya kira Baba ba a ɗauka, sai ya ɗauka Baba ne ya rufe masa ƙofa. Kunya ta hana shi zuwa ya tambaya. Kai jama'a! Kowa yana zaune a garinsa yana jinyar abin da ɗayan bai yi masa ba.

Na ce, "Amma kai dai an yi sakarai." Ya ce, "Na ji, ɗan birni." A nan na san ya fara dawowa.

Sai na kawo shawarar da nake ba kowane mai shago. Na ce, "Kawu, akwai yadda zan saita. Shi ya riƙa gani yana ɗauka, amma ba zai iya gogewa ko canza komai ba. Kai kaɗai ke da wannan iko." Na ɗauko waya, yatsana a kan wurin. Taubashina ya sunkuyar da kai ya ce hakan ya yi daidai.

Kawu ya dubi ɗansa. Sannan ya ce, "Wato shi tsaya waje shina leƙe kamar baƙo?"

Na ce ba haka ba ne, tsaro ne kawai.

Ya ce, "Ni na ɓata ma ubana shadda ba ɗaya ba, ba biyu ba. Bai taɓa karɓe allura hannuna ba. Bar mai hannunai yadda yake. Ka dai gwada muna inda kwandon sharar nan yake, mu duka."

Taubashina ya juya baya wai yana neman almakashi. Ni ma sai da na yi ta ƙifta ido. Abokina ne ya cece mu, ya ce shi fa ya ji ƙanshin kifi tun ɗazu, a taimaka. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, muka ci kwano ɗaya, jaririyar tana dafa gwiwar kakanta tana miƙewa. Kawu ya ce mu tafi kawai, shi sai gobe.

Muka dawo ta Jega da Aliero, abokina ya sayi albasar da ta sa duk motar hawaye, muka shiga Sakkwato ana kiran magariba. Na koyi cewa bai isa in ɗora wa mutane kaya a intanet in tafi ba, sai na zaunar da duk mai hannu a ciki na nuna masa cewa abin da ya taɓa na kowa ya taɓa. Har gobe kuma zan ci gaba da ba masu shago shawara su taƙaita ikon gogewa, don ita ce shawarar da ta dace. Amma na yi wa shaguna da yawa wannan aiki, duk wanda na tambaya cewa yake in kulle. Kawu ne mutum na farko da aka yi wa ɓarna, na miƙa masa makulli, ya ce in bar wa yaronsa a buɗe.